Littafin gashin Yaya: abin da muke yi a gida tun da aka ce MS ne

Litinin, 6 ga Janairu 2025

Mai gashin ƙashin da za ta riƙa zuwa mana gida ce ta ce mu samu littafi mu dinga rubuta komai, abin da aka yi, yadda jiki ya karɓa, da abin da aka kashe, wai don kai ba ya riƙe irin wannan lissafin, bayan wata biyu sai ka rasa gaba aka yi ko baya. Sai na ce bari in dinga rubutawa a waya, ƙila wani mai irin larurar nan a gidansu ya ƙaru.

Yayata ce mai ciwon, shekararta 44, malamar lissafi ce a wata sakandare a Abuja kafin ƙafa ta zaunar da ita. Sunan ciwon maltiful sikilorosis, likitoci dai MS kawai suke cewa. Sojojin jikin mutum ne ke juyowa su ci rigar da ta lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na laka, kamar wayar wuta da ɓera ya gwigwiye robarta, saƙo zai taso daga kai amma kafin ya kai ƙafa ya yi rauni ko ya ɓace a hanya. Yawancin masu shi tasowa yake musu ya lafa, ya taso ya lafa. Na Yaya ba haka ba ne, tun farko a hankali yake ci kuma ba ya komawa baya, irin wanda ake samu a wajen kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na masu ciwon. Da jan ƙafar dama ya fara, silifa ya dinga ficewa ba ta sani ba. An ce taifot, an ce ciwon baya, an ce shanyewar ɓarin jiki, dangi kuma suka ce jifa ne, ba irin rubutun da ba a sha ba, sai da aka yi hoton MRI na kai da laka, aka ɗebi ruwan baya, aka kuma yi gwajin jini don a cire zargin NMO, wani ciwo mai kama da shi da ya fi kama baƙar fata kuma maganinsu ba ɗaya ba ne, sannan aka tsayar da magana.

A Disamba muka dawo da ita Jos gidan Inna a Anguwar Rogo. Zafin Abuja na kashe mata jiki wallahi, da rana ko cokali nauyi yake mata. Jos kuwa tudu ne, wajen mita 1,200 sama da teku, ko ba komai da sauƙin zafi. Mijinta na can bakin aiki da samarin, yana zuwa ƙarshen mako, babbar 'yarta kuma tana nan tare da mu.

Yau Antin gashi ta auna ƙafa 25 a tsakar gida, wajen mita 7 da rabi kenan, ta ja layi da gawayi nan da can, ta ce Yaya ta taka da woka, ƙarfen dogarawan nan mai ƙafa huɗu. Daƙiƙa 31. A ma'aunin da likitocin jijiya ke amfani da shi, EDSS, mai lamba 0 zuwa 10, an sa ta a 6.5, wato mai iya taka wajen mita 20 amma sai da madogara a hannu biyu. Daga nan ta zauna a bakin gado ta ce, Hajiya ba zan rufe ki ba, gashi ba ya mayar da rigar jijiya, abin da yake yi ya riƙe miki ƙarfin da ya rage, ya hana gaɓoɓi ƙagewa, ya rage faɗuwa, to ke me kike so ki iya yi? Yaya ta yi shiru can ta ce abu uku. In shiga banɗaki ni kaɗai ba sai an riƙe ni ba, in yi alwala da kaina, kuma in sake koyar da wani ko da yaro ɗaya ne. Anti ta ce to a kan waɗannan za mu gina komai.

Kuɗin Anti N8,000 duk zuwa, sau biyu a sati. Woka N42,000 a wani shagon kayan asibiti kusa da Taminus.

Alhamis, 9 ga Janairu

An koya mana miƙa ƙafa, ni da 'yarta. Dambubu, bayan cinya, da cikin cinya wanda shi ne ke sa ƙafafun harɗewa in tana tafiya. A ja a hankali har inda ta ji ya ɗaure, a riƙe wajen daƙiƙa 30, ba fizga, don in ka fizga ƙafar ƙara sanƙarewa take yi tana karkarwa. Sai ɗaga ƙugu tana kwance, sai tashi daga kujera a koma a zauna. Duk da hantsi ake yi bayan ta karya, saboda daga azahar ƙarfinta ya tafi. Anti ta ja mana kunne sosai a kan gajiyar MS, ta ce ba lalaci ba ne kuma ba irin gajiyar da ake cijewa a wuce ba ce, in aka matsa mata yau gobe gaba ɗaya a kwance za ta wuni. A yi kaɗan, a huta, a ƙara kaɗan.

Inna na gefe tana ta sannu, sannu, kamar ita ake ja.

Asabar, 11 ga Janairu

Banɗakin gidanmu na tsuguno ne, kuma wannan shi ne babban abin da ke sa sai an riƙe ta. Na kira falamba ya duba, ya ce za a iya fasawa a sa na zama. Na ce a ɗaga shi sama da yadda aka saba don tashi daga ƙasa-ƙasa shi ke mata wuya. Masai da kayan haɗi da kuɗin aiki N95,000.

Mai walda kuma zai yi mana ƙarfen kamawa, ɗaya a kowane gefen masai, ɗaya a wurin wanka, sai dogo guda daga ƙofar ɗakinta har ƙofar banɗaki a jikin bango. Na shago masu ƙyalli sun yi tsada, sai muka sayi fayif na ruwa mai kauri aka lanƙwasa. Anti ta ce kar a yarda a kafa da ƙusa, a huda bulo a sa noti mai tsawo ya fita ta baya, don ranar da za ta zame duk nauyinta a kan ƙarfen zai sauka. Fayif, noti, fenti da walda N58,000. Kujerar roba mai ƙarfi ta wanka N9,000, tabarmar roba mai hana santsi N4,500.

Laraba, 15 ga Janairu

Miƙa ƙafa safe da dare. Sanyi ya yi yawa kwanan nan, da asuba ƙafafun kamar itace suke tashi, sai an sa safa biyu an lulluɓe kafin su saki. Masu aiki na ta fasa banɗaki, a na Inna muke lallaɓawa.

Lahadi, 19 ga Janairu

Jiya Yaya ta faɗi.

Kowa ya san wankan Jos da hunturu, ruwa sai ya tafasa ake sirkawa kaɗan. An kai mata ruwa mai zafi sosai banɗakin Inna, ta zauna a kujera ta yi wankanta, tururi ya cika ɗakin, ta ce daɗi ma ta ji don ƙafar ta saki. Tana kama woka za ta miƙe sai ƙafafun suka ƙi gaba ɗaya, ta ce kamar ba a jikinta suke ba, ido kuma ya yi dishi-dishi, sai ta sulale ta bugu a ƙugu da gwiwar hannu. 'Yarta ce ta ji ƙara ta ƙwala min kira. Hankalinmu ya tashi ba kaɗan ba, Inna har ta fara kuka tana cewa shi kenan ciwon ya gama cin ƙafar. Na kira Anti, tambayar farko da ta yi, ta bugu a kai? Na ce a'a. Tana iya motsa ƙafar ba zafi mai tsanani a ƙugu? Eh. Sai ta ce ruwan da zafi? Na ce sosai. Ta ce ku buɗe ƙofa iska ta shiga, ku ba ta ruwan sanyi ta sha, kar ku ja ta da hannu, ku jira.

Wallahi kafin awa ɗaya ƙafar ta dawo yadda take, idon ma ya washe.

Yau da ta zo ta yi mana bayani. Jijiyar da rigarta ta lalace da kyar take kai saƙo, to da zarar zafin jiki ya ɗan hau, ko da kaɗan ne, sai ta daina kaiwa kwata-kwata har sai jiki ya huce. Wani likitan ido ɗan Jamus mai suna Uhthoff ne ya rubuta abin tun 1890, kuma kafin a samu MRI har wankan ruwan zafi likitoci kan sa a yi wa mutum don su gane ko MS ne. Ba sabon lahani ba ne, amma faɗuwar da yake jawowa ita ce abin tsoro, karayar ƙugu ga mai irin wannan jikin ba ƙaramin abu ba ne. To ga inda muka tsinci kanmu, sanyi na sanƙarar da ƙafa, zafi na kashe ta. Yanzu ruwa mai ɗumi kawai, wanda in ka sa gwiwar hannu ba za ka ji komai ba, a bar taga a buɗe, in ta gama ta zauna ta goge jiki ta sa kaya a zaune, ta huta kafin ta miƙe.

An kuma koya mata tashi daga ƙasa, ta juya gefe, ta hau gwiwa da hannu, ta rarrafa zuwa kujera mai ƙarfi ta dafa. Mu kuma aikinmu riƙe kujerar, ba ɗaga ta ta hammata ba.

Juma'a, 24 ga Janairu

Banɗaki ya kammala. Da safe ta bi ƙarfen bango ta shiga ta rufo ƙofa, ni ina tsaye a waje ina sauraro. Ta fito ba ta ce komai ba, sai da ta zauna ta ce Auta yau dai na huta da kunya. Na shiga kicin na yi kukana.

Mun cire sakatar ciki mun sa wadda ake iya buɗewa ta waje. Alwala kuma a zaune, an sa mata famfo ƙasa-ƙasa da ɗan tiyo don wanke ƙafa ba sai ta sunkuya sosai ba.

Laraba, 29 ga Janairu

Ranar ganin likitan jijiya. Tun sati biyu da suka wuce aka ƙara mata baklofen, maganin da ke sassauta sanƙarewa, kuma gaskiya dare ya yi sauƙi, fizgar ƙafar da ke tashinta daga barci ta ragu. Amma da rana mun lura tashi daga kujera ya ƙara mata wuya, gwiwa na lanƙwashewa, ga barci. Likita ya ce abin sananne ne, mai raunin ƙafa wani lokaci da wannan taurin yake tsayuwa, in ka cire taurin duka sai ya rasa abin dogara. Ya rage na safe ya bar na dare yadda yake, kuma ya ce ko da wasa kar a yanke maganin nan lokaci ɗaya, a hankali ake saukowa.

Mijinta ya sake tayar da maganar okirelizumab, Ocrevus kenan, allurar ruwa da ake sawa duk wata shida. Shi ne maganin farko da Amurka ta amince da shi don irin nata a 2017. Likita ya yi mana bayani tsakani da Allah, ya ce a babban gwajin da aka yi ya rage haɗarin ƙaruwar nakasa da wajen kashi 24 cikin ɗari, ba ya dawo da abin da ya tafi, kuma ya fi amfani ga masu ƙarancin shekaru da waɗanda hotonsu ke nuna ciwon na kan kumburi. Kuɗinsa kuwa ba na irinmu ba ne, ko gida aka sayar na ɗan lokaci ne. An tsaya a kan a sake MRI tukuna, in akwai sabon tabo sai a san abin yi. A mota mijin ya yi jugum, Yaya ce ma ke ba shi baki.

Wani abu da ya ƙona min rai, wurin da aka tura mu gwajin jini a bene yake ba lifta, sai da samari biyu suka ɗauke ta a kujera mutane na kallo. Tun Janairun 2019 aka sa hannu a dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci, aka ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara, shekara biyar ɗin ta cika tun Janairun 2024.

Talata, 4 ga Fabrairu

Awo: daƙiƙa 27. An samo mata takalmin roba mai riƙe idon sawu, wanda ke shiga cikin kambas ya hana yatsun dama jan ƙasa, N35,000. Sai da muka sayi kambas mai lamba ɗaya sama da nata. Kullum da dare a duba dunduniya da idon sawu ko ya goge fata, don ba ta jin wurin sosai.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Ba labari. Gashi, hutu, gashi. Tana shan hantsi a tsakar gida kafin rana ta yi zafi.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Satin nan mun ga tashin hankali. Tun ranar Lahadi ƙafafun suka ƙage fiye da kullum, ranar Litinin ta kasa kai banɗaki ko da ƙarfen bango, fitsari ya kufce mata sau da dama, ta daina magana ta juya fuska bango. Jikin da ɗan ɗumi amma ba zazzaɓi mai ƙarfi ba. Maƙwabta suka ce maleriya ce a sayo magani a kemis, wata goggonmu kuma ta zo da wani mai magani da ya ce cikin kwana bakwai zai tayar da ita, dubu 150 kafin alƙalami. Inna ta so ta yarda, kuma ban ga laifinta ba, uwa ce. Yaya ce ta buɗe baki ta ce Inna don Allah a bar ni haka, addu'a nake so a ci gaba da yi min, amma ba zan ƙara shan abin da ban san me ke ciki ba.

Anti na zuwa ta ce ku kai fitsari gwaji yau ɗin nan. Na ce ai ba ta jin zafin fitsari, ta ce ba lallai ta ji ba tunda jijiyar wurin ma ta taɓu, kuma a wurin mai MS duk ranar da jiki ya rikice farat ɗaya, mafitsara ake fara zargi kafin a ce ciwon ne ya ƙaru. Haka kuwa aka yi, infekshan ne. An fara magani, bayan kwana biyu sakamakon shukar fitsarin, gwajin da ke nuna irin ƙwayar cutar, ya fito aka canza zuwa wanda ƙwayar ke ji.

Da aka bi diddigi ashe tun farkon wata ta rage shan ruwa, kofi biyu take wuni da shi, don kar ta dinga tashin 'yarta da dare. An kuma yi mata sikanin bayan ta yi fitsari aka ga akwai saura a mafitsara, wanda shi ke zama ya jawo ƙwayoyin cuta. Likita ya ce in sauran ya dinga wuce mililita 100 za a koya mata sa ƙaramar roba ta zubar ta cire da kanta, kuma shi ya sa bai ba ta maganin riƙe fitsari ba tukuna, don in mafitsara ba ta juyewa duka maganin ƙara tsare shi zai yi. Nata yana bakin iyaka, za a sake aunawa.

Tsarin yanzu, ruwa sosai daga safe zuwa la'asar, a rage bayan magariba. Banɗaki duk bayan awa biyu zuwa uku ko ba ta ji ba, in ta gama ta ɗan jira ta sake gwadawa. Shayi mai ganye ya koma kofi ɗaya da safe. Kayan lambu da gwanda saboda taurin bayan gida, don shi ma yana danne mafitsara, Alhamdulillah a Jos kabeji da karas ba sa wuya, kasuwar Farin Gada na nan. An ajiye kujera mai fo a gefen gado don dare.

Gwaji, sikanin da magani N27,000.

Talata, 18 ga Fabrairu

Awo: daƙiƙa 44. Kwanciyar sati ɗaya ta cinye aikin wata guda. Anti ta ce zai dawo amma a hankali, an koma motsa jiki a kan gado da tsayuwa a jikin ƙarfe.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Maganar keken guragu ta taso kuma gidan ya rabu biyu. Inna da mijinta sun ce in ta hau keke shi kenan ta saki ƙafa, ni ma da farko gabana ya faɗi. Anti ta ce ku yi lissafi mana, ƙarfin da take da shi a wuni ƙididdigagge ne, in ta ƙarar da shi wajen takawa daga ɗaki zuwa zaure, da me za ta zauna ta yi hira ko ta koyar? A cikin ɗaki da banɗaki ta ci gaba da woka don ƙafa ta samu aiki, in za a fita tsakar gida mai nisa ko waje a hau keke. Tun Disamba ba inda ta je sai asibiti, ko gaisuwar rasuwar maƙwabciyarmu ba ta samu shiga ba, kuma abin na cin ta. Ita ta yanke hukunci, ta ce a sayo.

Na hannu muka samu mai lanƙwashewa, N110,000, da matashin zama na musamman N18,000 don gudun gyambon zama. An ce duk bayan ɗan lokaci ta dinga karkata gefe da gefe tana ɗage nauyi, kuma a duba fatar mazaunai kullum, in an ga jan da bai gushe ba a faɗa da wuri.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Dakalin ƙofar ɗakinta tsayinsa santimita 15 ne, na zaure 20. Ƙa'idar gangara ita ce duk santimita 1 na tsayi a ba shi 12 na tsawo, wato na ɗaki 180, na zaure 240. Na faɗa wa birkila, na rubuta masa a takarda, na tafi kasuwa, ina dawowa na tarar ya yi irin na shigar da babur, gajere mai tsini, wai don kar a ci fili. Da muka gwada da ni a ciki keken baya ya nemi kifewa. Dole aka fasa na zaure aka sake. Siminti buhu biyu N20,000, yashi da aiki N25,000, gyara N17,000. Ƙofar ɗakin ma ta yi wa keke kaɗan, kafinta ya cire firam ya faɗaɗa, N30,000. A bar saman simintin da kaushi, kar a shafe shi sumul.

Asabar, 1 ga Maris

An ɗauki azumi. Likita ya ce da mafitsararta da maganin da take sha da rana bai ba da shawara ba, malamin da muka tambaya ya ce mai ciwon da ba a sa ran warkewarsa ciyarwa ce a kansa kuma ba laifi. Yaya ta ce ta ji amma a bar ta ta gwada. An mayar da magani sahur da buɗa-baki da sanin likita, gashi ya koma bayan isha'i, Anti sau ɗaya a sati.

Litinin, 10 ga Maris

Ta ajiye azumin. Zafi ya fara shigowa, fitsari ya yi duhu, daga azahar ko magana da kyar, kuma tsoron kar infekshan ya dawo ya sa ita da kanta ta ce a fara auna abincin ciyarwa. Ranar ta yi kuka sosai, ta ce tun tana 'yar shekara goma ba ta taɓa ganin watan nan ya wuce ta haka ba. Ba wanda ya ce mata komai, Inna dai ta zauna kusa da ita tana jan carbi. Sallah tana yi a zaune a kujera, tarawihi kuma 'yarta ke tura ta gidan maƙwabta inda mata ke taruwa.

Mun faɗa wa likita maganar yawan kukan da rashin barci, don damuwa na yawan kama masu MS kuma tana da magani, ya yi mata tambayoyi ya ce a sa ido zuwa wata mai zuwa.

Fanka mai caji N48,000 saboda wuta ba tabbas. Tawul mai jiƙe a wuya da ruwan randa suna taimakawa sosai da rana.

Juma'a, 21 ga Maris

'Yan mata uku na layinmu masu shirin WAEC sun fara zuwa darasin lissafi, ƙarfe goma zuwa sha ɗaya, ranar da ba makaranta ko an tashi da wuri. Kafinta ya yi mana ɗan allo aka kafa ƙasa daidai zaman keke a zaure. Hannun dama na gajiya da rubutu, sai ta sa su suke rubutawa ita tana faɗa, ta ce hakan ma ya fi shiga kai. Muryar da ta yi musu faɗa da ita a kan alamar ragewa, rabon da in ji ta tun tana Abuja. Ranar darasi ba a yin gashi mai nauyi, miƙa ƙafa kawai, kuma bayan azahar barci dole.

Lahadi, 30 ga Maris

Sallah. Ta sa sabon leshi, an tura ta gidan kawu da gidan da aka yi rasuwa. Wata ta ce wayyo har ta kai ga keke, Yaya ta ce eh, shi ya kawo ni gidanki. Da yamma jiki ya mutu, gobe hutu.

Asabar, 12 ga Afrilu

Awo: daƙiƙa 29, da takalmin roba. Ranar farko 31 ne. Anti ta ce ga ciwon da aikinsa ci gaba, wata uku a wuri ɗaya bayan faɗuwa da infekshan ba abin rainawa ba ne. Banɗaki da alwala ita kaɗai take yi da rana, da dare kujerar gefen gado. Yaran darasi sun zama biyar. Abin da ya ƙaru shi ne hannun dama, maɓalli da zaren hijabi na ba ta wuya, cokali ma wani lokaci yana suɓucewa.

Kuɗin da aka kashe daga Janairu, kayan aiki da gyaran gida wajen N540,000, Anti wajen N190,000, ban da maganin wata-wata da kuɗin tasi. Mijinta ne ya ɗauki mafi yawa, yayyenmu maza suka cika, ni kuma adashina.

Abin da ke gaba, MRI a ƙarshen wata a ga ko akwai sabon tabo, da sake auna sauran fitsari. Anti za ta haɗa mu da mai koyar da marasa lafiya yadda za su yi amfani da hannu, kafin nan an naɗe mariƙin cokali da biro da soso don ya yi kauri, tela kuma zai canza maɓallan riguna zuwa zif mai babban kai. Damina ta kusa, gangaren zaure a fili yake, dole a yi masa rumfar kwano kafin ruwa ya sauka don siminti jiƙaƙƙe da woka ba sa shiri, mai walda ya ce N65,000, na ce ya rage. Sai maganar 'yarta da za ta koma makaranta a watan gobe, muna neman mace mai hankali da za ta dinga kwana da ita, kuma sai Anti ta koya mata riƙo da miƙa ƙafa kafin ta fara.